Gambara a Fadar Tarihi: Kan Sawun Hamilton a New York

Baƙon da ya sauka birnin New York yakan riƙe Alexander Hamilton a tafin hannunsa tun kafin ya san ko wane ne. Hotonsa ne a jikin takardar dala goma, wadda ake miƙo wa mutum canji a kanti ko a gidan abinci. Shekara da shekaru Amurkawa suna cusa wannan fuska a aljihu ba tare da sun damu da mai ita ba, wasu ma suna zaton tsohon shugaban ƙasa ne, alhali bai taɓa hawa kujerar ba. Shi ne sakataren baitulmalin Amurka na farko, daga 1789 zuwa 1795, mai aikin haraji da bashi da lissafi, irin aikin da ba ya tara jama'a. Amma tun daga 2015 sunansa ya koma bakin 'yan makaranta, kabarinsa ya zama wurin ziyara, kuma abin da ya jawo haka wasan daɓe ne da aka gina a kan kiɗan hip-hop, gambarar matasan baƙar fata. Abin da ya fitar da ni yawo cikin birnin ke nan: in kalli wasan da idona, sannan in bi wuraren da mutumin ya rayu ya kuma mutu, in ga abin da kiɗan ya yi wa tarihinsa.

Masaukina a Bronx yake, gidan wani ɗan'uwa Bahaushen Kumasi da ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin. Shi ya fara kai ni titin Sedgwick, gida mai lamba 1520, dogon bene na jan bulo wanda ba abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa. A wani ɗakin taro na wannan gida ne, ranar 11 ga Agusta 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya juya faya-fayai a wani biki, yana maimaita inda ganga ta fi zafi, matasa suna rawa, wasu suna rattaba magana a kan kiɗan. Daga nan ake lissafin haihuwar hip-hop. Bronx ta wancan zamani unguwa ce ta talauci da gobara da gidajen da masu su suka gudu suka bari. Tsakanin nan da Broadway, cibiyar wasannin daɓe ta Amurka, tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma duniya biyu ce. Masu cika kujerun Broadway galibi farar fata ne masu hali da 'yan yawon buɗe ido, kuma kunnuwansu sun saba da goge da algaitun Turawa.

'Yar mai masaukina, wadda ke sakandare, ta haddace wasan daga farko har ƙarshe tun kafin ta taɓa shiga gidan. Da ta ji zan je, sai ta ce: "Kawu, kada ka damu in ba ka kama kowace kalma ba, ko 'yan nan ba sa kamawa. Ka dai bi kiɗan. Kowa da nasa salon, da ka ji ya canja, to wani ne ya shigo." Wannan shawara ta yi mini amfani fiye da takardar bayanin da ake rabawa a ƙofa.

Mawallafin wasan, Lin-Manuel Miranda, ɗan New York ne, asalin iyayensa tsibirin Puerto Rico. A 2008, yana hutu, ya karanta littafin tarihin Hamilton da Ron Chernow ya fitar a 2004, mai shafi sama da 800. A watan Mayun 2009 aka gayyace shi Fadar White House wani taron waƙa, ya miƙe gaban Shugaba Obama ya ce yana shirya waƙoƙi kan mutumin da yake ganin rayuwarsa ita ce hip-hop, wato sakataren baitulmali Alexander Hamilton. Jama'a suka yi dariya. Da ya gama rerawa, tsaye suka miƙe suna tafi. Sai da aka ƙara kusan shekara shida kafin a buɗe wasan a gidan Public Theater cikin Fabrairun 2015, ya koma Broadway a watan Agusta na shekarar.

Wanda ya san rayuwar Hamilton zai gane abin da Miranda ya hango. An haife shi a ɗan ƙaramin tsibirin Nevis a yankin Karebiyan, a 1755 ko 1757, iyayensa ba su da aure a idon doka. Uban ya tafi ya bar su, uwar ta rasu a 1768, yaron ya zama akawun 'yan kasuwa a tsibirin St. Croix. A 1772 mahaukaciyar guguwa ta daki tsibirin, ya rubuta wasiƙa yana bayyana ɓarnar, aka buga a jarida, mutanen gari suka ga baiwarsa suka haɗa kuɗi suka tura shi karatu. Alƙalami ne ya fitar da shi daga maraici, alƙalami ya kai shi gefen Janar George Washington a 1777, da shi ya rubuta 51 daga cikin maƙaloli 85 na kare kundin tsarin mulkin ƙasar, kuma kaifin bakinsa ne ya kai shi kabari. Maraya baƙo, wanda ba shi da dukiya sai kalma, mai son suna, marar haƙuri da raini: wannan shi ne labarin da mawaƙan gambarar Bronx da Brooklyn suka daɗe suna bayarwa a kan kansu.

Gidan wasan Richard Rodgers yana kan titi na 46, 'yan taku kaɗan daga fitilun Times Square, yana ɗaukar mutum kimanin 1,300. Tun a layin shiga na ga abin da ake faɗa: ga dattawa cikin kwat, ga kuma iyaye riƙe da yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar, fata iri-iri, wasu yaran suna ta motsa leɓe suna bitar waƙa. Babu labule a dandamalin. Bangon bulo ne da benen katako da igiyoyi irin na tashar jiragen ruwa, a tsakiya kuma faifai biyu masu juyawa, ɗaya cikin ɗaya. 'Yan wasan sun sa tufafin ƙarni na 18 daga wuya zuwa ƙasa, amma gashin kansu da askinsu na yau ne. Washington baƙi ne, Jefferson baƙi ne, Aaron Burr baƙi ne. Kafin a yi minti biyar ido ya daina lura da wannan, kunne ya karɓi aiki.

Kusan babu magana ta fatar baki a wasan, duk rerawa ne, kalmomi wajen 20,000 cikin sa'a biyu da rabi. Nan na fara gane amfanin salon. Waƙar Broadway ta gargajiya tana jan kalma ɗaya ta yi ta lilo da ita, ita kuwa gambara tana zuba magana ba tsayawa, don haka tana iya ɗaukar abin da sauran waƙoƙi ba za su iya ba: sunayen yaƙe-yaƙe, shekaru, gardamar siyasa, hujja da martani. Rayuwar mutum ta shekara kusan talatin, daga isowarsa New York zuwa mutuwarsa, ta shige cikin dare ɗaya ba tare da an ji an yi tsalle ba.

Kuma kamar yadda yarinyar ta faɗa, salon kowa shi ne halinsa. Hamilton da abokansa masu neman tawaye suna gambara mai zafi, domin ita ce muryar masu son kifar da tsohon tsari. 'Yan matan gidan Schuyler uku, gidan surukan Hamilton, suna waƙa da salon R&B mai haɗa muryoyi. Lafayette, Bafaranshen da ya zo taya Amurkawa yaƙi, da farko yana tuntuɓe da Ingilishi, amma kafin yaƙin Yorktown na 1781 shi ne mafi saurin baki a dandamalin, kuma wannan sauri shi ke gaya wa ɗan kallo cewa baƙon ya zama gwarzo. Jefferson, wanda ya yi shekaru a Faransa, yana dawowa da kiɗan jazz na tsofaffi, alamar an wuce shi bai sani ba. Sarki George na Uku kuwa shi kaɗai yake fitowa, da kambi da alkyabba, yana rera waƙa mai taushi irin ta mawaƙan Birtaniya na shekarun 1960, yana yi wa talakawansa barazana cikin murmushi. Ko wanda bai taɓa buɗe littafin tarihin Amurka ba zai san wane ne sabo, wane ne tsoho, wane ne mai mulki daga nesa.

Inda gidan ya fi ɗaukar zafi shi ne zaman majalisar ministoci. Batun da ke gabansu a 1790 busasshe ne: shin gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin da jihohi suka ci lokacin yaƙi? Hamilton ya ce a ɗauka, domin ƙasar ta samu amana a idon masu ba da rance kuma jihohin su ɗaure da juna. Jefferson ya ce jiharsa Virginia ta biya nata, don me za ta biya na wasu? A dandamali sai aka miƙa wa kowannensu makirufo, Washington ya tsaya a tsakiya a matsayin alƙali, suka shiga yi wa juna zambo da habaici kamar 'yan gambara biyu sun haɗu ranar kasuwa. Da Hamilton ya tuna wa Jefferson cewa bayi ne ke yi masa noma, gidan ya ɗauki ihu. Na dubi yaron da ke gabana, ya tashi rabin tsaye, yana goyon bayan wani tsarin biyan bashi na shekara sama da 200 da ta wuce. Malamin tarihi zai iya shekara yana neman wannan a aji bai samu ba.

A kashi na biyu kiɗan yana sanyi yayin da rayuwar mutumin ke rushewa. Ya tona asirin kansa a 1797 da ƙasidar da ya buga kan alaƙarsa da matar wani, don ya wanke kansa daga zargin cin dukiyar gwamnati. Babban ɗansa Philip ya mutu a fito-na-fito da bindiga a 1801. A nan gambarar ta ja baya, aka bar fiyano da muryoyi a hankali, kuma saboda an saba da gudu, tsayawar ta yi nauyi. Mutane da dama kusa da ni suna share hawaye.

Abin da ya biyo bayan wannan wasa a bayyane yake. A 2016 an tsayar da shi takarar kyaututtukan Tony 16, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ya lashe 11, ya kuma samu kyautar Pulitzer. Littafin Chernow ya koma sahun waɗanda aka fi saye. A 2015 baitulmalin Amurka ya sanar da shirin sa hoton mace a dala goma, amma a Afrilun 2016 aka ce Hamilton zai zauna, a sa Harriet Tubman, mai fafutukar 'yanta bayi, a dala ashirin, kuma mutane da yawa sun danganta hakan da farin jinin wasan. Sai dai farin jinin ya zo da tsada: a shekarar, kujeru mafi kyau sun kai dala 849. Kiɗan talakawan Bronx ya shiga gidan da talakan Bronx ba ya iya biya. Masu wasan sun rage wannan giɓi ta hanya biyu. Akwai ƙuri'a da ake yi ta kujerun gaba a kan dala goma. Akwai kuma shirin da suka yi da Cibiyar Gilder Lehrman ta tarihin Amurka, da tallafin Gidauniyar Rockefeller, wanda a zagayen farko ya kai ɗalibai 20,000 na makarantun gwamnatin birnin, kowa a kan dala goma. Kafin su zo sai sun karanta takardun asali na wancan zamani, su tsara tasu waƙar ko wasan, wasu ma su gabatar a kan dandamalin. A 2020 aka saki hoton wasan a Disney+, ya shiga ɗakunan waɗanda ba za su taɓa zuwa titi na 46 ba.

Wasan Hamilton ba shi kaɗai ne a wannan hanya ba. A titi na 47 ana nuna Six, wanda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge suka fara a 2017, inda matan Sarki Henry na Takwas su shida ke fitowa kamar taurarin waƙar zamani, kowace tana ba da labarinta. Kafin su duka, a 2009, wasan Fela! ya kawo kiɗan Afrobeat da tarihin mulkin soja a Najeriya cikin Broadway, har aka kai shi Legas a 2011.

Washegari na gangara kudancin Manhattan. Majami'ar Trinity tana tsaye daidai inda Wall Street ya haɗu da Broadway, maƙabartarta tana kewaye da dogayen benaye na bankuna. Kabarin Hamilton farin dutse ne mai tsini, a gefen kudu, kuma ba sai an tambaya ba, taron mutane ne zai nuna maka. An zuba tsabar kuɗi da ƙananan duwatsu da furanni a kansa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shimfiɗaɗɗen dutsen da ke gabansa, na matarsa Eliza, wanda shi ma ba ya rasa furanni. Ta rayu shekara 50 bayansa, ta rasu a 1854 tana da shekara 97, ta tattara takardunsa, ta kuma kasance cikin waɗanda suka kafa gidan marayu mai zaman kansa na farko a birnin a 1806, wanda har yau yana aiki da sunan Graham Windham. Da ita ake rufe wasan, kuma na ji wata uwa tana maimaita wa 'ya'yanta wannan tarihi a bakin kabarin. Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Federal Hall, inda aka rantsar da Washington ranar 30 ga Afrilu 1789, sai titin Maiden Lane, inda Jefferson ya shirya liyafar da aka ƙulla yarjejeniyar 1790: Hamilton ya samu tsarin bashinsa, 'yan kudu suka samu babban birnin ƙasa a bakin kogin Potomac.

Na ci gaba da bin Broadway zuwa arewa, tafiyar kamar kwata ɗaya na sa'a, har kusurwar titin Duane. Nan ne Maƙabartar 'Yan Afirka. A ƙarshen ƙarni na 17 aka hana binne baƙaƙe a harabar Trinity, sai suka koma bayan gari suna binne nasu. Daga baya birni ya haɗiye wurin, aka yi gine-gine a kai, aka manta. Sai a 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati, aka ci karo da ƙasusuwa. An tono gawarwaki 419, kusan rabinsu yara, wasu manyan da haƙoran da aka fere irin na al'adun Afirka ta Yamma, wata mace da jigida a ƙugu. An ƙiyasta mutum wajen 15,000 ne ke kwance a yankin. A 2003 aka sake binne waɗanda aka tono cikin akwatunan katako da aka sassaƙa a Ghana. Lokacin da na isa, mu ƙalilan ne a wurin.

Waɗannan mutane da 'ya'yansu su ne suka yi dako da gini a New York ɗin da Hamilton ya taka, birnin da ke da kasuwar bayi a ƙarshen Wall Street tun 1711, kuma bauta ba ta ƙare a jihar ba sai 1827. A wasan babu bawa ko ɗaya da aka ba murya. Ana nuna Hercules Mulligan, telan da ya yi wa Washington leƙen asiri, amma ba a ambaci Cato ba, bawansa da ke ɗaukar saƙonnin. Gidan Schuyler, surukan Hamilton, suna da bayi. Shi kansa Hamilton yana cikin ƙungiyar neman 'yanta bayi ta New York da aka kafa a 1785, amma takardun lissafinsa sun nuna ya yi wa dangin matarsa cinikin bayi, kuma wani bincike da aka fitar a 2020 daga gidan tarihin Schuyler ya kafa hujjar cewa shi ma ya mallaka. Masana irin su Annette Gordon-Reed da Lyra Monteiro sun yi magana kan wannan giɓi, marubuci Ishmael Reed ma ya rubuta wasa guda a 2019 don mayar da martani. Ƙorafinsu yana da nauyi: baƙar fata a cikin rigar Washington tana iya sa ɗan kallo ya ji an riga an sasanta da abin da ya wuce, alhali ba a ko faɗe shi sosai ba. Kiɗan da ya sa na so Hamilton, shi ne ya sa ban tambayi wa ke dafa masa abinci ba sai da ƙafata ta kawo ni titin Duane.

A Harlem na ziyarci Grange, gidan da Hamilton ya gina a 1802, wanda aka ɗaga daga wurinsa har sau biyu, a 1889 da 2008, yanzu yana cikin lambun St. Nicholas. Mai yi mana jagora ta sha tambayoyi, yawancinsu daga wasan suka fito, ita kuma tana gyarawa cikin haƙuri: Angelica, yayar Eliza, ta riga ta yi aure kafin ta san Hamilton, kuma mahaifinsu yana da 'ya'ya maza. Wani saurayi ya tambaye ta batun bayi, ta ba shi amsa ba ɓoye-ɓoye. Na ga fuskarsa ta canja, amma bai fita ba, sai ma ya ƙara tambaya. Daga bisani na hau jirgin fito na ƙetare kogin Hudson zuwa Weehawken, inda Burr, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya harbi Hamilton da safiyar 11 ga Yuli 1804, ya cika washegari. Titin jirgin ƙasa ya cinye ainihin filin tun tuni, abin da ya rage shi ne mutum-mutumin kan Hamilton a saman dutse, yana kallon Manhattan.

Wannan saurayi na Grange shi ne amsar da na samu. Da ba don gambarar ba, da bai shigo gidan ba, kuma da ba don ya shigo ba, da bai ji abin da gambarar ta tsallake ba. Salon da ba a zata ba yana karya ganuwar da ke tsakanin matasa da tarihi, musamman idan salon ya dace da mutumin da ake ba da labarinsa, kamar yadda kalma mai gudu ta dace da Hamilton. Amma waƙa tana zaɓe, tana ɗaga wani ta bar wani, kuma daɗinta yana sa abin da ta zaɓa ya zauna a ƙwaƙwalwa fiye da abin da littafi ya rubuta.

Mu ma mun san ƙarfin wannan hanya. Nana Asma'u ta sa tarihin jihadi da darussan addini cikin waƙoƙin Hausa da jajojinta suka kai wa mata ƙauye-ƙauye, kuma finafinanmu na Kano sun tara 'yan kallo da waƙoƙin da suka ari salon Indiya. Yau yaranmu suna da mawaƙan gambararsu, ga kuma tarihin Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram yana jiran wanda zai ɗora shi a kan kiɗan da suke saurara. Ina fata a samu masu yi. In an samu, su ba sarki da malami da jarumi muryarsu, su kuma ba bawan gandu da ɗan dako da kuyanga tasu, tun a cikin waƙar, domin yawancin 'yan kallo iyakar tarihin da za su sani shi ne abin da aka rera musu.